Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa: Daga Barikin Dodan zuwa kurkukun Abakaliki

A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, uku daga cikin mutum huɗu da suka fi samun ƙuri'u, wato Bola Ahmed Tinubu da Atiku Abubakar da Rabi'u Musa Kwankwaso, a gida ɗaya suka yi ƙuruciyar siyasarsu. Maigidan nan kuwa tsohon soja ne da bai taɓa riƙe kujerar gwamna ko ta sanata ba, wanda ya rasu a tsare tun ranar 8 ga Disamba, 1997, yana da shekara 54. Shi ne Manjo-Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, Tafidan Katsina.

Matasa da yawa a yau sun fi sanin ƙaninsa, marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko kuma katafariyar cibiyar taro da ke ɗauke da sunansa a tsakiyar Abuja. Amma ma'aikacin ƙaramar hukuma da ke jiran albashi a ƙarshen wata, da ɗan kasuwar da kayansa ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Legas, da wakilin jam'iyya da ake yi wa layi a ƙofar gida lokacin fidda gwani, duk suna rayuwa ne cikin tsare-tsaren da wannan mutum ya sa hannu wajen kafawa, masu kyau da marasa kyau.

Ɗan Mutawalli a cikin kaki

An haifi Shehu a birnin Katsina ranar 5 ga Maris, 1943. Mahaifinsa, Alhaji Musa 'Yar'aduwa, malamin makaranta ne da ya shiga siyasa, ya zama Ministan Harkokin Legas a gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma shi ne Mutawallen Katsina, sarautar da bisa al'ada ke kula da baitulmalin masarauta. Shehu ya yi karatu a makarantar sakandaren lardi ta Katsina, inda ya yi aji ɗaya da Muhammadu Buhari.

A wancan zamani ɗan babban gida ba ya sha'awar aikin soja. Ana ganin sa a matsayin aikin wanda ya rasa abin yi. Sai dai shugabannin Arewa, musamman Sardauna da Ministan Tsaro Alhaji Muhammadu Ribaɗu, sun lura cewa ƙananan sojoji 'yan Arewa ne suka fi yawa, amma hafsoshin da ke ba su umarni mafi yawansu daga Kudu suke. Saboda haka a 1961 aka shigo da tsarin kaso, aka ware wa Arewa rabin guraben ɗaukar ƙananan hafsoshi, aka kuma shiga makarantun sakandare ana kwaɗaitar da ɗalibai. A Katsina ma abin ya zo da sauƙi, domin ɗan Sarki Usman Nagogo, wato Hassan Usman Katsina, ya riga ya sa kaki. Shehu ya shiga kwalejin horon soja ta Kaduna a 1962, daga nan aka tura shi Sandhurst a Ingila, ya dawo a 1964 da muƙamin ƙaramin laftana, aka ajiye shi a Inugu.

Shekara biyu bai cika da fara aiki ba ƙasa ta rikice. Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966 ya ci ran Firayim Minista da Sardauna da manyan hafsoshin Arewa irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad, ya kuma raba mahaifin Shehu da kujerarsa ta minista. Juyin ramuwa ya biyo baya a watan Yuli, sannan yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967.

A yaƙin ne sunansa ya fara fita. Yana cikin runduna ta biyu da Murtala Muhammad ya jagoranta, wadda ta kori mayaƙan Biyafara daga Jihar Yamma ta Tsakiya, kuma wadda kisan fararen hula da aka yi a Asaba a Oktoban 1967 ya bar wa tabon da bai goge ba har yau. Murtala ya dage sai ya tsallaka Kogin Kwara daga Asaba zuwa Anacha cikin jiragen ruwa, aka gwada sau da dama ana asarar sojoji da kayan yaƙi. Daga bisani rundunar ta zagaya ta Idah, ta gangaro ta ƙasa, kuma Shehu na cikin kwamandojin da suka jagoranci shiga Anacha a watan Maris na 1968. Lokacin yana da shekara 25. Amincin da ya shiga tsakaninsa da Murtala a wannan fage shi ya yi masa jagora a sauran rayuwarsa ta soja.

Juyin mulkin da masu yin sa suka miƙa wa wasu

Ranar 1 ga Oktoba, 1974, Janar Yakubu Gowon ya shaida wa ƙasa cewa alkawarin miƙa mulki ga farar hula a 1976 ba zai yiwu ba. Gwamnoninsa sun daɗe a kan kujera, ƙorafin cin hanci ya yi yawa, rikicin ƙidayar 1973 bai lafa ba. Wasu hafsoshi masu matsakaicin muƙami da suka yi yaƙi suka ga cewa an bar su a baya, kuma mutuncin soja na zubewa. Cikinsu akwai Joseph Garba, kwamandan rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa, da Abdullahi Muhammad na sashen leƙen asirin soja, da Ibrahim Taiwo, da Anthony Ochefu, da Laftanar-Kanar Shehu 'Yar'aduwa. Ranar 29 ga Yuli, 1975, Gowon na Kampala wajen taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, suka kifar da shi ba tare da an zubar da jini ba.

Abin da ya bambanta wannan juyin mulki da sauran shi ne waɗanda suka shirya shi ba su hau kujerar ba. Sun kira manyansu uku, suka ba Murtala shugabancin ƙasa, Olusegun Obasanjo ya zama na biyu, Theophilus Ɗanjuma ya zama shugaban sojan ƙasa. Su kuma suka shiga majalisar ƙoli da ta ministoci, inda muryarsu ta fi muƙaminsu nauyi. Wanda ya lura da kyau zai ga a nan ne salon Shehu ya fara bayyana: tsara al'amari daga bayan fage, a tura wani gaba, a riƙe igiyar.

An ba shi Kwamishinan Sufuri na Tarayya, wato minista a yaren yau, kuma ya tarar da abin kunyar da ya zama abin dariya a duniya. A ƙarshen mulkin Gowon, da kuɗin mai suka tumbatsa, hukumomin gwamnati sun yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, miliyan 16 daga ciki na Ma'aikatar Tsaro kaɗai, alhali tashar Apapa ba ta da ƙarfin sauke ko kusa da haka a shekara. Jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas wata da watanni, kowanne ana biyan sa kuɗin zaman jira a kullum, simintin na daskarewa a cikin wasu, kayan masarufi da magunguna kuma sun rasa hanyar shigowa. 'Yan kasuwar Kano da Kaduna da suka yi odar kaya a lokacin sun ji a jikinsu. Sabuwar gwamnati ta dakatar da yawancin kwangilolin, ta hana jirgi tasowa ba tare da izini ba, ta shiga sauke kaya daga tsakiyar ruwa da ƙananan jirage, ta kuma gaggauta gina sabuwar tasha a tsibirin Tin Can, wadda aka buɗe a 1977. Soke kwangilolin ya jawo wa Najeriya shari'o'i a kotunan Turai da Amurka na shekaru, amma tashar ta numfasa.

Ƙarin girma na dare ɗaya

Safiyar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, sojoji ƙarƙashin Laftanar-Kanar Buka Suka Dimka suka harbe Murtala a cikin cunkoson motoci a Ikoyi. Yunƙurin bai yi nasara ba, amma ya bar Majalisar Ƙoli ta Soja da lissafi mai wuya. Obasanjo, Bayarabe Kirista, ya gaji kujerar. Wanda ke bi masa a girma shi ne Ɗanjuma, Kirista daga Takum. Arewa na cikin juyayin kashe ɗanta Musulmi, kuma ana fargabar abin da zai iya biyo baya a bariki da cikin gari. Sai Ɗanjuma ya ci gaba da riƙe sojan ƙasa, aka ɗauko Shehu daga Laftanar-Kanar aka tsallake da shi muƙamin Kanar zuwa Birgediya, aka naɗa shi Shugaban Ma'aikatan Hedikwatar Ƙoli, wato mataimakin shugaban ƙasa a aikace. Saura 'yan makonni ya cika shekara 33.

Wannan mataki ya kwantar da hankali a Arewa, amma ya saɓa wa ladabin soja, domin hafsoshin da jiya yake sara musu yau su ke sara masa. Tun daga ranar ya zama tilas duk mai neman fahimtar rabon muƙamai a Najeriya ya sa addini da yanki a ma'auni tare da cancanta.

Gwamnatin da ya zama na biyu a cikinta ba ta da sassauci. An harbe fiye da mutum 30 bisa laifin juyin mulkin Dimka, cikinsu har da Kwamishinan Tsaro Manjo-Janar Iliya Bisalla da tsohon gwamnan Binuwai-Filato Joseph Gomwalk, bayan shari'ar da aka yi a asirce, kuma yawancinsu 'yan yankin tsakiyar ƙasa ne, abin da har yau ba a manta da shi a Filato ba. A zamaninta ne sojoji suka ƙona gidan mawaƙi Fela Anikulapo-Kuti a 1977, a zamaninta kuma aka harbe ɗalibai a Legas da Zariya lokacin zanga-zangar ƙarin kuɗin makaranta ta 1978. Duk mai ba da labarin shari'ar sirrin da ta rutsa da Shehu bayan shekara 19, ya kamata ya tuna cewa an yi irinta lokacin da yake zaune a Barikin Dodan.

Aikin da ya fi daɗewa: ƙananan hukumomi

Cikin ayyukan da aka ɗora wa ofishinsa akwai shirin bunƙasa noma na OFN da aka ƙaddamar a 1976, wanda ya wadata ƙasa da taki mai rahusa da farfaganda amma bai hana shigo da shinkafa ba. Wanda ya fi tasiri shi ne garambawul ɗin ƙananan hukumomi na wannan shekara, kuma shi ne ya gabatar da kundin ƙa'idojinsa.

Kafin nan kowane yanki da irin tsarinsa. A Arewa En'e ce ke mulki: sarki da majalisarsa su ke tara haraji da jangali, su ke da baitulmali, su ke naɗa hakimai da ma'aikata. Gwamnatin Gowon ta riga ta karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotunan alƙalai daga hannun En'e. Garambawul na 1976 ya ƙarasa aikin. Ya kafa tsari iri ɗaya a duk ƙasa, ya ƙayyade cewa ƙaramar hukuma ta ƙunshi mutum 150,000 zuwa 800,000, ya mayar da ita mataki na uku na gwamnati mai haƙƙi a kuɗin tarayya, da kansiloli waɗanda mafi yawansu zaɓaɓɓu ne. Sarakuna aka mayar da su majalisar masarauta, masu ba da shawara da kula da al'ada. Aka samu ƙananan hukumomi 301, aka yi zaɓen farko a ƙarshen 1976.

Abin lura ne cewa ɗan mai riƙe da baitulmalin Katsina ne ya jagoranci raba masarautu da baitulmali, kuma daga baya Sarkin Katsina ya naɗa shi Tafida.

Tsarin ya zo da rauninsa. An ce ƙaramar hukuma mataki ce mai zaman kanta, amma aka bar wa jihohi ikon yi mata doka, kuɗinta kuma aka bi da shi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamnatin jiha. Tun a Jamhuriya ta Biyu gwamnoni suka gano daɗin rushe zaɓaɓɓun shugabanni su naɗa kantomomi. Adadin ya yi ta ƙaruwa a hannun gwamnatocin soja har ya kai 774 na yau. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai-tsaye, yunƙuri ne na toshe ɓarakar da ke jikin ginin tun daga tushe.

Alkawarin da Murtala ya ɗauka na miƙa mulki a 1979 kuwa an cika shi. An rubuta sabon tsarin mulki irin na shugaba mai cikakken iko, aka ɗage haramcin siyasa a Satumban 1978, aka yi zaɓe, kuma ranar 1 ga Oktoba, 1979 Alhaji Shehu Shagari ya sha rantsuwa. Obasanjo da Ɗanjuma da 'Yar'aduwa suka tuɓe kaki tare. Shehu ya bar aiki da muƙamin Manjo-Janar yana da shekara 36, shekarun da a yau hafsa yake fafutukar zama Laftanar-Kanar.

Kasuwanci, da gina gida na siyasa

Ya koma Kaduna ya shiga kasuwanci: noma, banki, sufurin jiragen ruwa da ɗab'i. Ya shugabanci bankin Habib na Najeriya, wanda bayan haɗakar bankuna ta 2005 ya zama Bank PHB, daga baya Keystone. Ya yi tarayya da M.K.O. Abiola a wani kamfanin jiragen ruwa, ya kafa jaridar The Reporter a Kaduna, kuma ta harkar tashar jiragen ruwa ne alaƙarsa da wani jami'in kwastan mai suna Atiku Abubakar ta yi ƙarfi. Yadda manyan sojojin wancan zamani suka fita daga gwamnati suka faɗa manyan harkokin da a jiya su ke sa musu ido, tambaya ce da 'yan jarida suka yi ta yi tun a lokacin, kuma ba Shehu kaɗai ta shafa ba.

Da Janar Ibrahim Babangida ya fara shirinsa na miƙa mulki, ya haramta wa tsofaffin masu riƙe da muƙamai shiga siyasa. Shehu na cikin waɗanda dokar ta hana. Sai ya koma ga salonsa, ya tara sababbin jini a ƙungiyar PFN, yana tafiyar da ita daga falonsa. Abin da ya bambanta ƙungiyar da jam'iyyun da aka saba shi ne ba ta ginu a kan yanki ɗaya ba. Akwai Babagana Kingibe daga Borno, Atiku daga Adamawa, Farfesa Ango Abdullahi daga Zariya, Yahaya Kwande daga Filato, Chuba Okadigbo daga Anambra, Tony Anenih daga Edo, Lamidi Adedibu daga Ibadan, Dapo Sarumi da Tinubu daga Legas, Kwankwaso da Magaji Abdullahi daga Kano. Dabararsa ta hafsa ce: a san wane ne ke da jama'a a kowace ƙaramar hukuma da kowace mazaɓa, a jawo shi, a ɗauki nauyinsa, a riƙe amanarsa. Abin da 'yan siyasa ke kira tsari a yau, wato jerin mutanen da ke kawo ƙuri'ar wakilai ranar fidda gwani, a hannunsa ya zama ilimi, tare da tsadar da ke biye da shi.

A Oktoban 1989 Babangida ya ƙi yi wa ƙungiyoyi 13 da suka nema rajista, ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu da kansa, SDP da NRC. Mutanen Shehu suka shiga SDP, kuma a 1990 Kingibe ya zama shugabanta na ƙasa. A Disamban 1991 aka tsare Shehu na ɗan lokaci tare da wasu tsofaffin 'yan siyasa bisa zargin karya dokar haramci, sannan aka ɗage dokar, ya fito takarar shugaban ƙasa. A zaɓen fidda gwani na 1992 ya sha gaban Cif Olu Falae da sauran abokan takara, har ya ci jihohi a ƙasar Yarabawa, abin da ba a saba gani daga ɗan siyasar Arewa ba. Waɗanda suka sha kaye suka yi kukan an yi amfani da kuɗi da maguɗi. Babangida, wanda dama ba ya gaggawar tafiya, ya soke zaɓen jam'iyyun biyu, ya haramta wa 'yan takara 23 sake tsayawa, ciki har da Adamu Ciroma da Umaru Shinkafi na NRC. Aka shigo da sabon tsarin da ya fara daga mazaɓa, mai ƙuri'ar ƙato bayan ƙato.

12 ga Yuni, inda ake saɓani a kansa

Da aka rufe masa ƙofa, sai ya tsayar da Atiku. A babban taron SDP na Jos a watan Maris na 1993, Abiola ya zo na ɗaya da ƙaramar tazara, Kingibe na biye, Atiku na uku. Lokacin Kingibe ya riga ya raba gari da maigidansa, yana tare da gwamnonin jam'iyya. Shehu ya sa Atiku ya janye, ƙuri'unsa suka koma ga Abiola, bisa fahimtar cewa Atiku ne zai zama mataimaki. Abiola ya yi nasara, amma matsin gwamnoni ya sa ya ɗauki Kingibe.

Da aka soke zaɓen 12 ga Yuni, shugabancin SDP, wanda ke hannun Tony Anenih na ɓangaren 'Yar'aduwa, ya amince da kafa gwamnatin riƙon ƙwarya maimakon dagewa sai an bayyana Abiola. Magoya bayan Shehu sun ce babban burin shi ne a fitar da Babangida daga mulki ko ta wace hanya, kuma an fitar da shi a ƙarshen Agusta. Masu sukarsa, musamman a Kudu maso Yamma, sun ce ya sayar da nasarar jam'iyyarsa ne don ya hango sabon zaɓen da zai iya tsayawa. Bayanan biyu ba sa karo da juna, kuma mai yiwuwa dukkansu gaskiya ne. Sai dai lissafin ya ɓaci, domin gwamnatin Cif Ernest Shonekan ba ta cika wata uku ba Janar Sani Abaca ya ture ta ranar 17 ga Nuwamba, 1993, ya rushe jam'iyyu da majalisu da duk zaɓaɓɓun gwamnoni.

Taron tsarin mulki da abin da ya biyo baya

Abaca ya kira Taron Tsarin Mulki na Ƙasa a watan Yunin 1994 ƙarƙashin Mai Shari'a Adolphus Karibi-Whyte. 'Yan adawa na Kudu maso Yamma suka ƙaurace, Shehu kuwa ya tsaya zaɓe ya shiga a matsayin wakili daga Katsina, da ƙungiyarsa da a yanzu ake kira PDM. Gwamnati ta naɗa wakilai kusan ɗari don ta riƙe akalar taron, amma a watan Disamba zauren ya zartar da ƙudurin cewa soja su bar mulki ranar 1 ga Janairu, 1996. Kowa ya san wanda ya tara ƙuri'un.

A watan Maris na 1995 aka kama shi, bayan 'yan kwanaki aka kama Obasanjo, bisa zargin hannu a wani yunƙurin juyin mulki da aka danganta da Kanar Lawan Gwadabe da wasu hafsoshi. Bayan kamun, taron ya janye ƙudurinsa. Kotun soja ta Birgediya Patrick Aziza ta yi zamanta a asirce, ta yanke wa Shehu hukuncin kisa. A shari'ar ce aka ɗaure 'yan jarida irin su Chris Anyanwu da Kunle Ajibade, da masu fafutuka irin su Dokta Beko Ransome-Kuti da Shehu Sani. Babban shaidar da aka dogara da shi, Kanar Bello-Fadile, daga baya ya bayyana cewa azabtarwa ce ta sa ya ambaci sunayen da ya ambata. Matsin lamba daga ƙasashen duniya ya sa a Oktoban 1995 aka sassauta hukuncin kisan zuwa ɗaurin shekara 25.

An yi ta yawo da shi daga Kirikiri zuwa Fatakwal da Inugu, a ƙarshe Abakaliki, nesa da iyali da likitansa. Can rashin lafiya ta kama shi, ya rasu a hannun hukuma. Aka kai gawarsa Katsina, dubban mutane suka raka shi maƙabartar Ɗanmarna. Gwamnati ta ce ciwo ne ya yi ajalinsa. Iyalai da abokan siyasarsa ba su taɓa gamsuwa ba, kuma zargin cewa an yi masa wata allura da ƙarfi a kurkuku ya fito fili a zaman Kwamitin Oputa da Obasanjo ya kafa a 1999 don binciken take haƙƙin ɗan Adam. Babu kotun da ta hukunta kowa a kan mutuwarsa.

Wata shida bayan rasuwarsa Abaca ya rasu, bayan wata guda Abiola ya bi. Janar Abdulsalami Abubakar ya saki Obasanjo da sauran fursunonin siyasa, ya yi wa Shehu afuwa yana kabari. Da aka kafa PDP a 1998, PDM ce ɓangaren da ya fi kowane tsari a cikinta, kuma ita ta taimaka wa Obasanjo, wanda ya fito daga kurkuku ba shi da jam'iyya ba shi da mazaɓa, ya kayar da Dokta Alex Ekwueme a taron Jos na Fabrairun 1999. Ladan da aka biya gidan shi ne kujerar mataimakin shugaban ƙasa, wadda aka ba Atiku duk da ya riga ya ci zaɓen gwamnan Adamawa. Umaru, wanda Sa'idu Barda na NRC ya kayar a 1991, ya zama gwamnan Katsina a 1999, kuma a 2007 Obasanjo ya tsallake gwamnoni masu ƙarfi da kuɗi ya ɗauko shi ya gaje shi.

Gidan kansa bai daɗe a haɗe ba bayan maigida. Rikicin Obasanjo da Atiku a wa'adi na biyu ya raba 'ya'yansa gida biyu, Anenih ya tsaya da shugaban ƙasa, wasu suka bi mataimakinsa zuwa AC, inda suka tarar da Tinubu wanda tun rikicin 12 ga Yuni ya kama tasa hanyar. A zaɓen 2007 ƙanin Shehu da babban almajirinsa ne suka fafata da juna, abokin karatunsa Buhari kuma na tsakaninsu a ƙarƙashin ANPP. A 2013 wasu daga cikin tsofaffin mabiyansa suka yi wa PDM rajista a matsayin jam'iyya mai zaman kanta, ba ta yi wani tasiri a akwatin zaɓe ba, kuma tana cikin jam'iyyu 74 da hukumar zaɓe ta soke rajistarsu a watan Fabrairun 2020.